Goyo a baya, ɗan shekara 4 a hannu: mu je Yankari ko mu haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana biyu, namiji ɗan shekara 4 da jaririya 'yar wata 7. Maigidana zai samu hutu a ƙarshen shekara, ya ce zai kai mu Yankari mu kwana uku. Yaron tun da ya ga giwa a wayar babansa ba shi da zance sai na giwa. Ni ma gaskiya ina so, don tun da na haihu ban je ko'ina ba in ban da asibiti da gidan suna. To amma da Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta ji, sai ta ce ba da jikarta ba, wa ya taɓa kai jinjiri daji wurin namun dawa da iskokai? Ta ce in ya zama dole mu bar mata yarinyar, alhali nono take sha. Maigidan ya ce in share kawai mu tafi. Ni kuma maganar ta tsaya mini a rai, ina tsoron wani abu ya faru a ce ai an faɗa mini. Mu je, ko mu haƙura sai sun girma?

Uwar biyu, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya miki su.

Ku je. Na faɗa tun farko don kada ki yi ta karatu gabanki na faɗuwa. Sai dai tafiyar da zan ce ku yi ba ita ce wadda maigidanki ya tsara a ransa ba, kuma "share kawai" ba magana ba ce, za mu zo kanta. Batun barin yarinya kuwa a ajiye shi gefe tun yanzu. 'Yar wata 7 da ke kan nono ba a raba ta da uwarta kwana uku saboda yawon buɗe ido. Ita za ta sha wuya, ke nono zai cika ya yi miki tsami, Hajiya kuma ba za ta runtsa ba. Ko ku tafi da ita, ko kowa ya zauna.

Da an ce daji, abin da ke zuwa ran Hajiya shi ne bukka a tsakiyar ƙungurmi, kura na kuka a bayan danga. Wurin ba haka yake ba. Dajin kansa kam babba ne, murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Amma baƙi a sansanin Wikki suke kwana, inda akwai ɗakuna na gini masu ƙofa da makulli, da wurin cin abinci, da ɗan gidan tarihi. Daga 1991 zuwa 2006 yana hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, daga nan ya koma hannun jihar Bauchi, don haka wajen mutanen jihar za ku nemi ɗaki da farashi. Zakin da ake jin tsoro kuwa, 'yan ƙalilan ne suka rage. A duk Najeriya, Yankari da dajin Kainji ne kaɗai aka san suna da shi, kuma mutum sai ya yi zuwa biyar bai sa shi a ido ba.

Ni in aka ce mini za a kai ɗan shekara 4 Yankari, ruwan Wikki ne ke fara faɗo mini a rai, kuma abin haushin shi ne mafi daɗin abin da ke wurin. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau da shi kamar a kofin gilashi, kina ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarki. To wannan garau ɗin shi ne yaudarar. Ruwan da ake hango ƙasansa ido kan ɗauka ba shi da zurfi, alhali wajen bakin dutsen ya kusa mita 2, yana shanye babban mutum. Sai can ƙasa, inda ya miƙe ya zama rafi, ake samun wuraren da yaro zai tsaya ruwa iya ƙugu.

Ki riƙe wannan: yaro ba ya ihu idan ruwa zai ci shi. Abin da muke gani a talabijin, ana ɗaga hannu ana kururuwa, ba haka yake faruwa ba. Bakin ya riga ya cika da ruwa, shiru yake nutsewa, kafin ki juya ki gyara wa ƙanwarsa majanyi an gama. Kuma abin ya fi faruwa inda manya suka yi yawa, don kowa na zaton wani na kallo. Saboda haka, kafin ku bar Kano, ku raba aiki da baki, a fili: jaririya taki ce, yaron na babansa ne, daga fita har dawowa. Ba wai "mu dinga lura da shi" ba. A bakin ruwa, baban ya kasance inda in ya miƙa hannu zai taɓa yaron, waya kuma tana cikin jaka. Wanda ke ɗaukar hoto ba ya gadi. In zai je ban ɗaki, ya damƙa miki yaron hannu da hannu, ki ce na karɓa, ku fito daga ruwan ku jira shi a tudu. Robar nan da ake hurawa a sa wa yara a damtse abin wasa ce, kada ta sa ku saki jiki.

Akwai kuma abin da iyaye ba sa kawowa a rai. Yaron da ya yi wanka a Wikki yau ya san hanya, gobe da sassafe kuna barcin gajiya yana iya buɗe ƙofa ya nufi can shi kaɗai. Ku murɗa makulli, ku zare shi, ku sa inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ita jaririyar in kina so ki tsoma ta babu laifi, amma da hantsi bayan rana ta ɗaga, a ƙirjinki, minti 10 ya isa, kuma kada ruwan ya shiga bakinta. Digiri 31 ɗumi ne a jikin babba, sai dai bai kai zafin jikin mutum ba, jariri kuwa da wuri yake ɗaukar sanyi, balle ya fito jiƙe iskar hunturu ta doke shi. Tawul na kusa, a goge ta, a shafe ta da man kaɗanya, a sa hula. Matakala ake sauka zuwa ruwan, in ta jiƙe tana santsi, don haka ki ɗaure goyonki tam hannayenki biyu su zama a sake. Keken tura jarirai ki bar shi a Kano, yashi da matakala ba su san shi ba. In kuma kina jin nauyin shiga ruwa gaban mutane, ki tanadi doguwar riga da wando marasa nauyi na wankan, ki zaɓi lokacin da babu cunkoso.

Na biyu su gwaggon biri. Su ne masu sansanin, ku baƙi ne, kuma sun san haka. Na taɓa zuwa da 'ya'yan yayata. Da safe muna zaune a bakin ɗaki za mu sha shayi, na miƙa wa ƙaramar, lokacin ba ta wuce shekara 5 ba, ledar burodi na ce ta riƙe mini in ɗauko kofuna. Sai ga wani ƙato ya fito daga bayan mota, ba gudu ba sauri, tafiyar wanda ya zo karɓar bashi. Ya sa hannu ya fizge ledar, ya koma taku uku ya zauna, ya kwance ƙullin da yatsunsa tsaf, yana ci yana kallonmu. Ko ƙwarzane yarinyar ba ta samu ba saboda ta saki nan take, amma sai da ta yi rabin awa tana shessheƙa. Laifina ne, ni na ba ta ledar. Birran nan sun san leda, sun san kula, sun san ƙofar da aka tura ba a kulle ba da gilashin motar da aka bari a zuge. A ci abinci a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Kada yaro ya fita da biskit ko lemo a hannu. Ita kuma jaririyar ba a shimfiɗe ta a tabarma a waje a juya baya, ko da na ɗauko ruwa ne.

Tun a gida ki fara koya wa yaron, kamar wasa: in biri ya kama abin hannunka, saki, ba a jifan sa, ba a gudu, a zo bayan Baba a tsaya. Jifan ne na fi jaddadawa, don yaranmu da sun ga biri hannunsu ke neman dutse. In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar, a gaya musu biri ne, don akwai batun allurar da ake yi wa wanda mahaukacin kare ya ciza. Gadu ma na yawo tsakanin ɗakuna, ya durƙusa kan gwiwa yana kiwo kamar tunkiyar gida. Bai damu da kowa ba, amma haurensa ba na ado ba ne, balle mace mai 'ya'ya. A kalle shi daga nesa.

Masu sanin dawa za su ce miki daga Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganin dabbobi, don ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, kowa dole ya gangaro kogin Gaji ya sha ruwa. Gaskiya ne, amma wannan lissafin mai kyamara ne, ba na mai goyo ba. Zafin Maris da Afrilu a can yakan kai digiri 40. Hutun maigidanki ya faɗo daidai: hunturu, rana ba ta da ƙuna, sauro ya ragu. Abin da za ku kauce wa shi ne makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, lokacin da ɗakuna ke cika, ruwan ya cika da samari da 'yan makaranta. In hutun zai matsa zuwa tsakiyar Disamba ko mako na biyu na Janairu, tsakanin Litinin da Alhamis, kun huta. Dare da asuba akwai sanyi sosai, ki haɗa rigunan sanyi da safa da bargon da yarinyar ta saba da ƙanshinsa.

Hanya kuwa, in za a faɗi gaskiya, ta fi duk namun dajin haɗari. Daga Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne. Daga Bauchi zuwa Wikki akwai wasu kamar 110: a bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya zuwa ƙofar dajin a Mainamaji, sannan a yi wajen kilomita 40 a cikin dajin kafin a ga ɗakunan. Na san maza, zai ce in an fita bayan asuba ai kafin la'asar an isa. Ana isa, amma da yara biyu da suka yi laushi da uwa mai ciwon kai. Ku kwana a Bauchi, ku shiga dajin washegari da hantsi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kwana ukun nan sai su zama ɗaya a Bauchi, biyu a Wikki, kuma biyun sun isa. A garin Bauchi za ku cika tanki, ku sayi ruwan gora da ƙyallen jarirai, ku riƙe kuɗi a hannu, kada ku dogara da turawa ta waya. Lokacin kama ɗaki maigidan ya tambayi awa nawa ake ba da wuta da kuma ko famfon ɗakin na kawo ruwa, ku tafi da tocila da fanka mai caji.

Jaririya ba ta zama a cinya a kujerar gaba, ko da kuwa kuka take. In mota ta ci birki da ƙarfi, hannun uwa ba ya iya riƙe ta. Kujerar jarirai ta mota, a baya, tana kallon baya. In ba ku da ita ku ara ko ku saya, ta fi kuɗin ɗakin muhimmanci. Yaron ma a baya, a ɗaure, a danna makullin da ke hana buɗe ƙofa daga ciki. Duk awa biyu a tsaya, ki ba da nono, shi ya miƙe ƙafa. Ba a barin yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar. Sannan tsaro: a 'yan shekarun nan an samu hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri. A makon tafiyar, maigidan ya kira ma'aikatan wurin, ya kuma kira wani ɗan Bauchi da ya yarda da shi wanda ba shi da ribar zuwanku, ya ji halin da hanya take ciki. In aka ce da ƙura, a fasa. Magariba kuma kada ta same ku a kan hanya, zuwa ko dawowa.

Abincin yarinyar mai sauƙi ne tunda rabinsa yana jikinki. Kunun ne ake kuskure a kai: a dama tun safe a zuba a filas, a yi ta ba ta har yamma, ga zafin mota. Ki tafi da garin a bushe, da filas na tafasasshen ruwa, ki dama daidai wanda za ta sha. Kofi da cokali sun fi bulumboti sauƙin wankewa. Shi kuma yaron, a riƙe masa abin da ya saba, dambun nama, dabino, biskit, don yunwar ɗan shekara 4 ba ta jiran a sauke tukunya.

Zagayen ganin dabbobi ana fita da safe da kuma yamma, kamar awa biyu, tare da ɗan jagora. Sau ɗaya ya ishe ku. Abin da zai dame ku a nan ƙudan tsando ne, musamman in an gangara wajen kogin. Cizonsa kamar an soka allura mai zafi, yana ratsa yadi marar kauri, kuma baƙi da shuɗi mai duhu ne ke jawo shi. Kin ga ke nan baƙin hijabi da baƙar abaya, waɗanda su muka fi ɗauka in za mu yi tafiya don ba sa nuna datti, su ne ba a shiga da su. Ki sa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske, yaran ma haka, dogon hannu da dogon wando. In motarku mai tsayi ce, ku nemi ɗan jagoran ya shiga taku, gilashi a rufe. Ta fi buɗaɗɗiyar mota ga mai jariri, saboda ƙura da sanyin safiya da ƙudan. In buɗaɗɗiyar ce kaɗai, ki sauko da goyon daga baya ki ɗaure ta a gaba. A baya ba kya ganin abin da ya sauka a kanta, ga jijjiga, ga reshen ƙaya da ke shafar gefen mota. In kuma ranar ta tashi da rigima, ki zauna da ita su je su biyu, washegari baban ya riƙe ta bayan ta ƙoshi ke ma ki je ki gani. Kada dai a kai ki Yankari a mayar da ke mai gadin ɗaki. Shi ya sa in da hali ku tafi da mutum na uku, ƙanwarki ko tasa, wadda yaran suka saba da ita.

Yanzu giwa. Don Allah kada ku yi masa alkawarin zai gan ta. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan, amma duka-duka ƙiyasin masu kula da dajin tsakanin 100 ne zuwa 150, a cikin faɗin da na gaya miki, kuma ba a ɗaure suke ba. Wani ya gan su ranar farko, wani ya kwana uku bai ga ko wutsiya ba. Ɗan shekara 4 ba ya mance alkawari. Ki ce masa za mu je garin giwa mu nemi sawunta. Sawun nan kuwa ana gani, faffaɗa kamar faifai, da tulin kashinta a kan hanya, da itatuwan da ta karya ta wuce, kuma ki yarda da ni, yaro a wannan shekarun kashin giwa kaɗai ya ishe shi labarin wata guda. Gwambaza da mazo da gadu da birai da zabin daji kusan kullum ana cin karo da su; in da rabo a ga ɓauna ko gwanki, ko dorina da kada a ruwa. Ki ba shi aikin ƙirga, duk dabbar da ya gani ya naɗe yatsa ɗaya. Ya yi fitsari kafin a hau mota, don ba a sauka a ko'ina. A gidan tarihin sansanin zai ga haure da fatu da ƙasusuwa kusa da kusa. Kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, abin gani ne, amma hawa ne da tafiyar ƙasa, ku bar su sai wani zuwan.

Abin da ya sa nake tsaurarawa a kan lafiya shi ne nisa. Daga Wikki zuwa babban asibiti a Bauchi kusan awa biyu ne a mota, da rana ma ke nan. Don haka mako guda kafin tafiya ki kai su asibitin da kuka saba, da katin rigakafi a hannu. A wata 7 ya kamata ta gama na mako 6 da 10 da 14. Na ƙyanda da na shawara sai wata 9. In ta cika kafin tafiyar a yi mata, in ba ta cika ba ga ƙarin dalilin guje wa cunkoso, don rani ne lokacin ƙyanda. A jakarki a samu ma'aunin zafin jiki, farasitamol na yara da likita ya gaya miki awonsa gwargwadon nauyin kowannensu, gishirin zawo na leda da ƙwayar zinki. Ku tafi da gidan sauronku da igiya, kada ku ce ai hunturu ne, wurin bakin ruwa ne. Man korar sauro ana iya shafa wa jaririn da ya wuce wata 2, kaɗan, a ƙafa da damtse, ban da tafin hannu da fuska tunda komai baki take kaiwa.

In ɗayansu ya tashi da zazzaɓi ko zawo ko tari mai sa numfashi sama-sama kwana biyu kafin tafiya, an fasa, ko da an biya kuɗin ɗaki. In kuma kuna can ta ƙi kama nono, ko tana amayar da duk abin da ta sha, ko jikinta ya saki, ko ta yi zafi, ba a cewa bari mu ga zuwa gobe, mota za a tayar. Bayan kun dawo ma ki sa ido, don zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa sai bayan mako guda ko fiye. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a cikin watan, a gwada jini, a gaya wa likita inda kuka je.

To, mu dawo kan Hajiya, don na lura ita ce ainihin tambayarki. Ba giwa kike tsoro ba, "ai an faɗa miki" kike tsoro, kuma kina da gaskiya. Yaro na iya yin mura a Yankari kamar yadda zai yi ta a tsakar gidanku, amma in ta same shi a can, sunanki za a kira, ba na maigidan ba. Shi ya ce ki share saboda ba shi zai ɗauki maganar ba. Don haka wannan aikin nasa ne. Shi zai je ya zauna gaban mahaifiyarsa, ba ta waya ba, ba kuma ke a gaba ba, ya ce Hajiya ni na ga ya kamata in fitar da iyalina su sha iska, ga inda za mu kwana, ga hoton ɗakin, ga ranar dawowa, ki sa mana albarka. In shawarar ta fito daga bakinsa a gabanta, ta zama tasa.

Kuma kada ya je da niyyar nuna mata ba ta waye ba. Ki cire kalmar iskokai ki duba abin da take nufi: kada almuru ya yi jariri na waje, kada a kai shi inda babu mai magani kusa, kada sanyi da ƙwari su same shi. Duk abin da na yi ta zayyana miki ke nan tun ɗazu. Hana yara fita da faɗuwar rana ma ya zo a hadisi ingantacce. Ya ce mata kafin magariba kowa na ɗaki. Ya ce mata da an sauka za a karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar ga wanda ya sauka a masauki, kuma safe da yamma za a tofa wa yaran wadda yake yi wa Hasan da Husaini, wadda ta haɗa neman tsari daga shaiɗan da miyagun ƙwari da kambun baka. Ya roƙe ta ita ma ta tofa musu ranar tafiya. Ya yi mata alkawarin kira kullum in an samu sabis. Ku ma gayyace ta, da gaske ba da fatar baki ba. Da wuya ta je, amma wanda aka ce zo mu tafi ba ya jin an yi abu a bayan idonsa. In kuwa ta amsa, kun samu hannu na uku, gwiwoyinta kuma za su ji daɗin ɗumin ruwan.

In duk da haka ta kafe, har abin ya kai ga ɓacin rai na gaske, kada ku tafi a kan fushinta. Ba don wani abu zai same ku ba, sai don ba za ki ji daɗin ko minti ɗaya ba, duk atishawar da yarinyar ta yi gabanki zai faɗi. Ku sa rana tare da ita, hunturun baɗi, lokacin yarinyar ta yi allurar wata 9 ta fara tafiya, a kuma riƙe ranar. Kafin nan maigidan ya kai yaron gidan zu na Audu Bako nan cikin Kano, ke kuma hutun nan kada ya wuce ba a fitar da ke ko'ina ba, ko da kwana biyu ne wajen 'yan uwa a wani gari. Wata bakwai tsakanin ɗaki da asibiti ba ƙaramin abu ba ne, kuma son fita da kike yi ba son zuciya ba ne.

Ki miƙa masa wannan amsar ya karanta da kansa, musamman wajen ruwan Wikki da wajen Hajiya. In ya ce ya ji ya ɗauka, yaron nasa ne a bakin ruwa, kuma zai je ya sami mahaifiyarsa, ku fara neman ɗaki. In ya yi dariya ya ce ku mata kun cika tsoro, ki ce masa sai baɗi.